Amsar da Na Bayar a Madadin Falmata

Ranar sadakar bakwai ta Baffanku Bukar, ina zaune a tsakar gida ana raba waina, na jiyo babban ɗana Mustafa a soro yana ce wa abokinsa, Allah ya jiƙan Baffa, mutumin kirki ne, sai dai shi ya so ya hana Falmata aure. Wainar da ke hannuna ban kai ta baki ba. Shekara tara ke nan ana faɗin wannan magana a gidan nan ina ji ina yin shiru, ni da ba a san ni da shiru ba. Shi ya sa na ce 'yar'uwarku Zara ta ajiye wayarta a gabana ta ɗauki muryata, in ta samu sarari ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara komai don ta rufa min asiri. Rufin da aka yi min ya isa. Baffanku bai hana Falmata aure ba. Ni uwarku na hana, kuma da ƙarya na hana.

Ku kun san ni, amma 'ya'yanku da za su karanta wannan wata rana ba lallai su san ni ba. A Fagge aka yanke min cibiya. Kakana ne ya taso daga Barno da jakunan kanwa, ya sauka a nan bai koma ba, abin da ya rage mana na can sai sunaye da sana'ar ƙamshi. Ban taɓa zama a aji ba, sunana ma ban iya rubutawa ba, amma ku tambaya daga nan har bayan Kantin Kwari, amaryar da aka kai ɗaki ba da dilkata da humrata da turaren wutata ba, gani ake kamar an yi mata rowa. Kuma ba ƙamshin kaɗai ke kawo su ba, har da bakina. Amarya za ta zo tana kuka, in zaunar da ita a kan kujera, in lulluɓe ta da bargo hayaƙi na ratsa ta, in kama ba ta labari, kafin garwashi ya mutu tana dariya har da tari. Na sha faɗa a bainar jama'a cewa cikin 'ya'yana biyar babu wanda ya gado bakina.

Falmata ce auta. Tana da shekara uku sanƙarau ya kama ta, muka yi sati uku a asibiti, aka sallame mu da ranta amma ba da kunnenta ba. Na gane ne ranar da faranti ya suɓuce min a bayanta, kaji suka watse, ita ko waiwaye ba ta yi ba. 'Yan kalmomin da ta fara iyawa suka bi suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ni da ita muka ƙirƙiro tamu maganar: in na shafa haɓa, mahaifinta ke nan, in na taɓa baki abinci, in na murza hanci turare. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shi ya dage sai an kai ta makarantar kurame. A can ta koyi karatu da rubutu, ta koyi maganar hannu ta gaske, irin wadda kurame ke yi a tsakaninsu. Ta sha zaunar da ni za ta koya min, ni kuwa ina ce mata tamu ta gida ta ishe mu, ina da aiki. Na tsinci kaɗan dai, kamar yadda mutum ke tsintar gaisuwa da zagi a yaren da ba nasa ba. Da ta girma sai ta kama zanen lalle, hannunta ya fi na kowa a unguwa, muka zama ni da ita kamar tukunya da murfi: ni gyaran jiki, ita lallen hannu da ƙafa. Asibiti ni, kasuwa ni, gidan biki ni. Duk inda muka shiga tambayar ɗaya ce, "Hajja, me ta ce?" Ina jin daɗin wannan tambaya fiye da yadda ya kamata.

Na yi mata tarbiyya irin wadda aka yi min, irin wadda na yi wa yayyenta. In babba yana magana ki sunkuyar da kai, ba a kallon idon manya. Na ƙara mata da ɗaya, wadda ban yi wa sauran ba: in akwai maza ko baƙi, ki sa hannuwanki cikin hijabi, kada ki riƙa wulla su ana kallon ki ana cewa bebiya. Na tsani wannan suna. Ban taɓa zama na yi tunanin cewa yarinyar da idonta ne kunnenta, hannunta ne bakinta, in ta sunkuya ta ɓoye hannu, to an fitar da ita daga ɗakin ke nan ko da tana zaune a ciki.

Tana da shekara ashirin da shida Wasi'u ya fito. Tare suka yi makaranta, yana gaba da ita. Shi ma kurma ne, haifaffen Sabon Gari, iyayensa Yarabawa Musulmi, yana ɗinkin labule da zanen gado a wani shago kusa da Kwari. A gidajen jeren amare suka sake haɗuwa, shi yana kafa labule, ita tana yi wa ƙawayen amarya lalle. Uwarsa, Alhaja Sikira, mai shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, ita ta fara zuwa wurina da kanta. Hausa a bakinta kamar ta Bakanuwar cikin gari, sai dai ba ta san kewaye-kewaye ba.

"Hajja, ɗana yana son 'yarki."

"Wacce? Zara ai an sa mata rana."

"Kin san wacce."

"Alhaja, ki ji tsoron Allah. Kurma da kurma a ɗaki ɗaya? In wuta ta kama gidan wa zai ji ihu?"

"Hanci gare su. Ke da kike sana'ar hayaƙi ya kamata ki fi kowa sani."

"In jariri ya yi kuka fa?"

"Ke duk naki da kunne kika raine su? Ba a bayanki suke ba?"

Na ce mata maganar aure ta maza ce, su je wurin Baffanta. Ta tashi ta gyara gyalenta, ta sayi humra kwalba ɗaya don kada a ce ta zo ta fita hannu sake, ta tafi.

Gidan ya ɗauki surutu. Mustafa ya ce ba za a cika masa dangi da kurame ba, ga shi kuma ba yarenmu ba. Maƙwabta suka riƙa shigowa da sunan ɗiban wuta, kowa da abin da ta ji an ce: wai irin wannan aure ba ya zuwa ko'ina, wai su biyu wa zai riƙe wani, wai gara a samu mai ji ya taimaka ya ɗauke ta. Dama an taɓa yin wani tsoho da ya aiko zai aure ta saboda Allah, kamar wadda aka tsinta a bakin titi, na kore ɗan aiken har ya bar takalminsa ɗaya. To amma ban taɓa tambayar kaina ba, in na kori masu taimako, na kuma kori wanda take so, wa nake jira? Tsoron wuta da kukan jariri gaskiya ne, na ji su har cikin hanjina. Amma akwai wani a ƙarƙashinsu da ban gaya wa kowa ba. Wasi'u ba ya bukatar ya tambaye ni me ta ce. In ta tafi gidansa, aikina na shekara ashirin da uku ya ƙare.

Mutanen Wasi'u suka je wurin Baffa Bukar, ƙanen mahaifinku, wanda shi ne waliyyinta tunda mahaifinku ya rasu. Kun san shi da bin ƙa'ida, mutumin da ko yadi zai yanka a shagonsa sai ya auna sau biyu. Ya sa aka yi bincike, aka dawo aka ce yaron ba shi da abin faɗa, yana salla, yana da sana'a. Ya ce saura abu ɗaya, sai ya ji daga bakin yarinya. Ya zo wata Laraba bayan la'asar. Kafin ya shigo na ja Falmata gefe na nuna mata cewa Baffa zai zo kan maganar Wasi'u, ta zauna da kunya kamar 'yar mutunci. Ta zauna a gefen tabarma, kai a ƙasa, hannuwa cikin hijabi. Ya yi addu'a, ya yi nasiha mai tsawo wadda ko kalma ɗaya ba ta isa gare ta ba, sannan ya tambaya ko tana son yaron. Sau uku ya tambaya. Ya juyo ya dube ni.

"Yaya, ta yi shiru. Shirun budurwa kuwa yarda ne. Ko za ki ɗan taɓa ta mu tabbatar?"

Na taɓa gwiwarta, ta ɗago. Baffa yana kallon hannuna, amma da hannuna da zanen bango duk ɗaya ne a wurinsa. Da tamu maganar ta gida na ce mata, Baffa ya ce ki rabu da Wasi'u, kin yarda? Idonta ya kawo ruwa nan take. Ta girgiza kai da ƙarfi, ta sake girgizawa, har hijabinta ya zame.

"Ka gani da idonka," na ce. "Ta ce ba ta so."

"Subhanallahi. Har da kuka? To ba za a yi mata dole ba, marainiya ce."

Ya sha ruwa, ya sa mata albarka, ya tafi. Washegari ya aika Sabon Gari cewa yarinya ta ƙi.

Kwana biyu kawai ƙaryata ta yi. Wasi'u ya rubuto mata ta waya yana tambayar me ya yi mata da ta ƙi shi a gaban Baffanta. Ina tankaɗe garin sandal da safe ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta yi kuka ba. Ta nuna ni da yatsa, ta ɗaga gira, tambaya ke nan: ke? Na kawar da fuskata na ci gaba da tankaɗe. Wanda bai zauna da kurma ba ba zai gane ba, amma kawar musu da fuska ya fi rufe ƙofa a kan hancin mutum.

Daga ranar ta koma yin abin da na koya mata, sak. In na shigo ɗaki sai ta sunkuyar da kai, ta sa hannu cikin hijabi. Ba ta ƙi aike ba, ba ta fasa lalle ba, ba ta daina ɗora min ruwan wanka ba. Kallona ne kawai ta daina. Sai in tsaya a gabanta ina ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, babu idon da zai karɓa. Damina guda muka yi haka. Ta rame har awarwaronta yana zamewa. Abin da ya fi ci min rai shi ne, ta iya rubutu. Takarda ɗaya za ta rubuta ta miƙa wa Baffanta a shago, kashina ya bushe. Kullum in na ga ta ɗauki biro gabana sai ya faɗi. Ba ta taɓa rubutawa ba. Amare suka fara cewa Hajja ko ba ki da lafiya ne, yau ba labari. In fara labari in manta tsakiyarsa.

Wani hantsi na dawo daga kai kaya wani gida a Titin Ibrahim Taiwo, da wuri fiye da yadda na saba, na tarar da ƙofar ɗakin turare a buɗe kaɗan. Falmata na ciki, ta jingina wayarta da kwalba, tana magana da wata ta hoton bidiyo. Ba ta san na dawo ba. Na tsaya ina leƙe. Wallahi ban taɓa ganin hannun mutum yana gudu haka ba. Ba hannu kaɗai ba, gira, kumatu, kafaɗa, duk jikinta magana yake. Ta zama mutum ɗaya, ta juya ta zama wani, ta dawo. Ban gane ko kashi ɗaya cikin goma ba, amma can sai na ga ta turo ɗankwali gaba, ta riƙe ƙugu, ta shanshana wani abu a bayan hannu ta yatsine fuska. Ni ce. Ni ce sak, lokacin da nake raina turaren wata. Ta jinkirta daidai inda ni ma nake jinkirtawa in ina so mutane su matsu, sannan ta saki ƙarshen. Matar da ke cikin wayar ta kife don dariya. Ni kuwa na zauna a kan turmi. Shekara da shekaru ina cewa babu wanda ya gado bakina, ashe magajiyar tana ɗakina, ni ce ban iya jin ta ba. Duk abin da nake ce wa mutane "ta ce", ɓarɓashi ne nake tsinta a ƙasa in miƙa musu. Kuma akwai mutum a Sabon Gari da yake jin ta duka.

Ban ci abinci ba ranar. Da azahar na ɗauki mayafi na nufi Kwari. Baffa Bukar yana zaune cikin dilolin atamfa, ya gan ni ya fara tsokana irin ta ƙanen miji.

"A'a, yau tsohuwar matata da kanta? Ko ankon wani bikin ne za a karɓa a ce sai an gani?"

"Alhaji, ka sallami mutanen nan. Magana ce."

Ya dubi fuskata ya daina dariya. Da muka rage mu biyu na gaya masa abin da ya tambaya da abin da ni na tambaya. Ban yi wa kaina ado ba. Ya daɗe yana shafa wani yadi da ke kan cinyarsa.

"Yaya, kin san abin da kika sa na yi? Amanar ɗan'uwana ce. Da na mutu cikin daminar nan fa?"

"Na sani."

"Wa ya sani bayan ni?"

"Ita."

"Kuma ba ta faɗa ba." Ya girgiza kai. "To ni ma ba zan faɗa ba. 'Ya'yanki maza in suka ji, ba za su ƙara ganin ki da gashi a ka ba. A bar shi a kaina. Amma zan sake tambayar ta, kuma ba ke za ki tsaya a tsakani ba."

Matar nan ta cikin waya ita aka kira. Sunanta Malama Rabi, tana koyarwa a makarantar kurame, tana ji tana magana, amma iyayenta duka biyu kurame ne, da maganar hannu ta tashi. Ta zo ranar Asabar da safe. Falmata ta zauna kamar wancan karon, kai a ƙasa. Baffa ya ce a gaya mata ta ɗago ta dube shi, ta fito da hannunta, yau babu kunya tsakaninsu. Ta ɗago, amma ni ta fara kallo, karo na farko cikin wata huɗu. Na gyaɗa mata kai. Ya yi tambayarsa, Malama Rabi ta mayar da ita hannu. Amsar ba ta tsaya a e ba.

"Ta ce tana son sa, tun bara take son sa. Ta ce ba ta nemi a ba ta shi don tausayi ba, yayyenta mata an tambaye su an ba su wanda suka ce, ita ma haka take so a yi mata."

"Tambaye ta, in suka haihu, yaya za su yi da kukan yaro?"

"Ta ce ka tambaye ni, ni Rabi, Baffa, tunda ni 'yar kurame ce. Mu shida babarmu ta raina, hannunta a kan cikinmu take barci, ko motsi muka yi ta farka. Ga ni dai ban mutu ba. Ta kuma ce in gaya maka 'ya'yan Yaya Mustafa uku ita ta yi renon su, uwarsu mai kunne biyu tana barci."

Baffa ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"In yaran suka zo kurame fa?"

Falmata ta dube shi. Sannan ta yi alama gajera.

"Ta ce to sai su samu uwa da uba da suka iya yarensu tun ranar farko."

Wannan ba da ni ta yi ba, na sani, amma ni ta sama. Baffa ya ƙara tambayoyi, ita kuma ta yi ta zuba, har abin da bai tambaya ba: inda za su zauna, yadda za su sa ƙwan lantarki mai walƙiya a madadin ƙwanƙwasa ƙofa, yadda za ta ci gaba da lallenta. Da za a tashi ya ce, "Ikon Allah. Shekara ashirin ina ce mata yarinya mai shiru-shiru, ashe surutu ne da ita kamar uwarta."

Shi da kansa ya taka har Sabon Gari ya ba da haƙuri. Ya ce wa mutanen Wasi'u, ya kuma ce muku, shi ne ya yi gaggawa ya yanke abin da bai fahimta ba. Daga nan maganar da kuke yi ta samo asali. Ya je wurin limamin unguwa don ya toshe bakin masu cewa wai auren kurame biyu bai ɗauru ba, liman ya ce yardar da aka bayar da ishara yarda ce, in dai an fahimce ta, ba wanda ya isa ya hana. Sauran wahalar ba ta ƙare nan ba. Gida uku aka hana su haya da aka ji su waye za su zauna, wani mai gidan ma cewa ya yi ba ya son abin da zai zame masa alhaki. Sai da Alhaja Sikira ta je ta tsaya a ƙofar na huɗun ta ce ba za ta tafi ba sai an gaya mata ko da kunne ake biyan haya. A wurin gwajin jini wata ma'aikaciya ta dube su ta tambaye ni wa ya ba su izini. Na buɗe baki zan wanke ta, Falmata ta riga ni, ta karɓi biro ta rubuta mata amsa a bayan kati. Har yau ban san me ta rubuta ba, na dai ga matar ta gyara zama. Mustafa ya yi fushi ya ce ba zai zo ɗaurin aure ba, kuma bai zo ba. Yanzu shi ne ba ya iya sati bai je gidansu ba, wai ya je ganin takwaransa.

Alhaja Sikira ta gane, ko da ba wanda ya gaya mata. Ranar da aka kawo lefe ta matso kusa da ni tana duba akwati ta ce a hankali, "Hajja, wancan karon tafinta ne bai ƙware ba, ko?" Na ce mata turmin atamfar nan na sama bai yi ba, a canza. Ta ce za a canza. Daga nan muka zama ƙawaye.

Abin da na biya shi ne wannan. Falmata ta yafe min, na sani, don ta gaya min, kuma a lokacin na fara zama gaban Malama Rabi ina koyon maganar hannu da tsufana, yatsuna suna ƙin lanƙwasuwa. Amma tun daga ranar Larabar nan ba ta ƙara yarda na tsaya tsakaninta da wani ba. Asibiti, awon ciki, makarantar yara, ko ta rubuta ko ta kira Malama Rabi. In muna tare wani ya juyo ya tambaye ni me ta ce, sai ta ɗaga min hannu a hankali, wato bari. Da farko abin yana yi min zafi. Yanzu kuwa sai in ji kamar an sauke min tulu daga ka, don ba ƙaramin kaya ba ne mutum ya zama bakin wani.

Ranar ɗaurin aure Asabar ce, da hantsi. Ni na yi mata gyaran jiki da hannuna, kwana bakwai, kamar kowace amarya, har na fi. Maza suka tafi masallaci, mu mata muka cika gida, dangin Alhaja da manyan ɗaurin kansu sun tare rabin tsakar gida. Falmata na ƙuryar ɗakina a bakin gado, an lulluɓe ta. Can wayar Zara ta yi ƙara, ta saurara, ta ɗaga murya ta ce an ɗaura. Gida ya kaure da guɗa, har maƙwabta suna amsawa ta kan katanga. Na leƙa ɗaki. Amarya na zaune yadda aka bar ta, tana murza gefen mayafi, tana jira. Duk Fagge ta ji an ɗaura aurenta, ban da ita.

Malama Rabi ta miƙe za ta shiga, na riƙe mata hannu na ce ta bar min wannan ɗaya. Na shiga na durƙusa a gabanta na ɗage mayafin. Na iya alamar aure a lokacin, na koya, amma na san hannuna ya taɓa yi mata ƙarya a kan wannan magana, ba zan so ta tsaya tana auna shi ba. Sai na kamo tafinta na ɗora a maƙogwarona, na danne da nawa, na toshe hanci na rangaɗa guɗa tun daga cikina. Na ga lokacin da abin ya shiga hannunta. Idonta ya buɗe, bakinta ya buɗe, ta ƙara danna yatsunta a wuyana. Da numfashina ya ƙare ta girgiza ni, ta juya yatsa, wato ƙara. Na ƙara. Ta ce ƙara. Tana dariya hawaye na wanke kwallin da na ɓata safiya ina sa mata, ni kuma ina ta yi, ban san sau nawa ba, har muryar ta tsage ta koma iska.

Kwana uku ban iya magana ba, da hannu na sallami baƙin biki. Alhaja Sikira ta ce tunda take zuwa Fagge ba ta taɓa jin unguwar ta huta irin na wannan satin ba.